Aikin Saƙon Safiya a Kano: Yadda Yake Tafiya

Lahadi, 6 ga Oktoba, 2024

Bayan sujadar Hausa ta yau, dattawan ikilisiya sun amince da aikin da muka gabatar musu, wato a riƙa naɗar gajeren saƙon murya kowace rana, mai ɗauke da karatun Littafi Mai Tsarki da ɗan bayani da addu'a, a tura wa 'yan'uwa ta waya kafin su fita neman abinci. Duk wanda yake ziyarar gidaje a Sabon Gari da Badawa da Brigade ya san dalilin wannan aiki. Akwai tsofaffin da yanar ido ta raba su da karatu, wasunsu suna jiran ranar da za a yi musu aiki a asibitin ido na ECWA. Akwai waɗanda suka zo daga ƙauyukan Sumaila da Rogo da Tudun Wada, ba su yi boko ba, amma Hausarsu ta fi tamu tsabta. Akwai kuma masu gadi da direbobin A Daidaita Sahu da masu rumfuna a kasuwar Sabon Gari, waɗanda suna iya karatu, sai dai gari ba ya waye musu a gida. Dukansu suna jin Maganar Allah ranar Lahadi, sa'an nan su shiga sauran kwanakin mako da abin da suka iya riƙewa a ka.

An ɗora aikin a kan wani dattijo, da uwar Zumuntar Mata, da wata malamar makaranta, da samari biyu daga ƙungiyar matasa, ni kuma aka ba ni riƙon wannan littafi. Dattawa sun gindaya sharuɗɗa: kada saƙo ya wuce minti huɗu, kada a roƙi kuɗi a cikinsa, kada a ambaci sunan mara lafiya sai da izininsa, kada kuma a taɓa siyasa ko a aibata addinin kowa.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Abin da ya fi cin lokacinmu a wannan mako shi ne zaɓen fassarar da za a riƙa karantawa. Tsofaffinmu sun tashi ne da tsohuwar fassara, wadda aka buga cikakkiya a 1932, aikin da Likita Walter Miller na CMS, wato ƙungiyar mishan ta Angilika, ya ja gabansa. Yana cikin ayarin Bishop Tugwell da ya iso Kano a 1900, Sarki Alu bai ba su izinin zama ba, daga bisani ya zauna a Zariya ya yi shekaru yana wannan aiki tare da Hausawan da suka taimake shi. Matasa kuwa fassarar 1979 suka sani, ita ce kuma ake karantawa a majami'armu. Mun yanke cewa da ita za a yi karatun kullum, amma surorin da tsofaffi suka haddace tun suna yara, irin su Zabura 23 da 121, Baba Dattijo zai karanta su yadda suka saba ji, domin mai jinya da ke bin karatu da leɓensa bai kamata ya yi tuntuɓe a tsakiyar aya ba.

Ɗakin ajiyar kayan mawaƙa muka mayar wurin naɗa. Ana kashe fanka, a rataya tsohon labule a jikin taga, a ɗora waya a kan littattafan waƙoƙi da aka jera, mai karatu ya zauna kusa da ita kamar tazarar kamu guda. Daren Alhamis ake naɗar saƙonnin mako gaba ɗaya, bayan hayaniyar titi ta lafa. Gobe Litinin za a tura na farko, daga Markus sura ta ɗaya.

Talata, 29 ga Oktoba

Fiye da mako guda ke nan Kano da yawancin jihohin Arewa suna cikin duhu, saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo wutar lantarki. Teloli da masu walda da masu niƙa sun zauna ba aiki, ƙanƙara ta yi tsada, masu cajin waya da janareto kuma sun ƙara kuɗi. Wayoyin masu sauraro da yawa sun mutu, saƙo yana tafiya amma ba a buɗe shi sai bayan kwanaki. Wani ɗan'uwa ya ba mu aron ƙaramar sola, da ita muke cajin wayar naɗa. A wasu gidajen haya kuwa mutane sun nemo wa kansu dabara: duk wanda wayarsa take da caji sai ya haɗa ta da 'yar rediyon nan mai Bluetooth, ya ajiye a tsakar gida lokacin da mata suke hura gawayi, kowa ya ji.

Mun ɗan dakatar da Markus, muka karanta ƙarshen littafin Habakuk, inda annabin ya lissafa itacen ɓaure da bai yi toho ba, da gonakin da ba su ba da abinci ba, da garken da ya ƙare, duk da haka ya ce zai yi murna da Allah Mai Cetonsa. Malamar da ta yi bayanin ta jawo hankali ga abu guda, cewa annabin bai ɓoye ko ɗaya daga cikin asarorin ba, sai da ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya kafin ya yi maganar murna. Wata tela ta aiko da amsa cewa keken ɗinkinta na wuta yana rufe da zane tun makon jiya, ta kuma ji daɗi da ba a ce mata ba komai ba ne.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Taron yau ya yi tsawo, kuma ina ganin shi ne zai tsara fuskar wannan aiki daga nan gaba, don haka zan rubuta shi dalla-dalla.

Ɗaya daga cikin samarin ya kawo shawara cewa a riƙa rufe kowane saƙo da furucin albarka irin wanda ake yawan turawa a waya, wato a ce wa mai sauraro yau ƙofarsa za ta buɗe, yau bashinsa zai biyu, wannan wata ba zai ƙare ba sai ya ba da shaida. Ba da wasa ya faɗa ba, kuma hujjarsa tana da nauyi. Ya ce, "Baba, tun da aka cire tallafin mai a bara mutane suke cikin matsi, kwanon masara da na shinkafa sun fi ƙarfin mai albashi, balle mai aikin yini. Idan mutum ya buɗe waya da asuba, abin da zai ɗaga masa zuciya yake nema."

Baba Dattijo ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce, "Ɗana, na ji ka. Amma idan na ce wa gwauruwa yau za ta samu, rana ta faɗi ba ta samu ba, gobe da wane baki zan gaishe ta? Ko dai ta ce Allah ya yi ƙarya, ko ta ce bangaskiyarta ce ba ta kai ba, kuma duka biyun ni na ɗora mata." Uwar Zumunta ta ƙara da cewa ta san matan da suka daina zuwa taron addu'a saboda kunya, ganin kowa yana ba da shaidar buɗi su kuwa har yanzu kuɗin makarantar yara bai haɗu ba.

Ra'ayina yana tare da na Baba. Ba mu da izinin sa wa Allah ranar da bai sa wa kansa ba. Addu'ar da Ubangiji Yesu ya koya wa almajiransa abincin yini ta roƙa, manna kuma a jeji na yini guda ake tarawa, wanda ya ɓoye na gobe sai ya tarar ya yi tsutsa, in ban da ranar jajiberen Asabar. Alkawarin da muke da tabbacinsa shi ne Allah yana tare da mutanensa, yana ji, ba zai yashe su ba, kuma mutuwa kanta ba ita ce maganar ƙarshe ba. Wannan ya isa mutum ya tashi ya ɗaura ɗamara. Amma saurayin ya yi gaskiya a wuri guda, domin saƙon da zai bar mutum da nauyin zuciya fiye da yadda ya same shi bai yi aikinsa ba. Saboda haka muka amince cewa kowane saƙo zai faɗi wahalar da sunanta, ya nuna abin da Allah ya yi ko ya alkawarta a cikin nassin da aka karanta, ya kuma ba mai sauraro abu guda da zai iya aikatawa a yinin, kamar ya leƙa maƙwabci, ko ya nemi gafarar wanda ya ɓata wa, ko ya auna wa mai saye mudu cikakke.

Don gwada wannan tsari mun zaɓi littafin Rut, ga shi kuwa lokacin kaka ne. A surorinsa huɗu babu teku da ya tsage, babu wuta daga sama. Gwauraye biyu ne suka koma Baitalami hannu wofi a farkon girbin sha'ir, ƙaramar ta fita kala a gonar Bo'aza, wanda ya kiyaye dokar da ke cikin Littafin Firistoci sura 19 cewa a bar wa matalauci da baƙo gefen gona. Ta hanyar aikin yini da mutuncin mai gona Allah ya ciyar da su, daga zuriyar wannan baƙuwa kuma aka haifi Sarki Dawuda. Saurayin da ya kawo shawarar shi muka ba bayanin sura ta biyu.

Asabar, 21 ga Disamba

Hunturu ya shigo, ƙura ta kama muryar malamar, sai uwar Zumunta ta karɓi karatun Luka sura ta ɗaya da ta biyu. Jama'a da yawa suna shirin tafiya gida Kirsimeti, wasu Kudancin Kaduna, wasu Filato, wasu ƙasar Tangale ko Biyu ko Zuru, sun kuma roƙi a ba su saƙonnin su kai wa iyayensu da ke amfani da ƙananan wayoyi. Samarin sun je kasuwar waya ta Farm Centre sun sayo memori, muka zuba duk abin da aka naɗa tun Oktoba, aka raba bayan sujada. Zumuntar Mata ce ta biya.

Litinin, 20 ga Janairu, 2025

Yau shekara goma sha uku da hare-haren ranar Juma'a, 20 ga Janairu, 2012, waɗanda suka hallaka mutane fiye da 150 a wannan birni, Musulmi da Kirista. A cikin masu sauraronmu akwai waɗanda suka rasa nasu a ranar, akwai waɗanda suka rasa a harin Jami'ar Bayero na watan Afrilun 2012, ko a tashar motar New Road a Maris na 2013. Mun daɗe muna shawara ko a ambaci ranar ko a wuce ta. Muka ga cewa waɗanda abin ya shafa ba su manta ba, shirunmu kuma zai zama kamar mun bar su su tuna su kaɗai.

Irmiya sura 29 muka karanta. Kusan kowa ya san aya ta 11, wadda take maganar shirin alheri da bege, ana rubuta ta a jikin kalanda da katin biki, amma kaɗan ne suka san wa aka rubuta wa. Wasiƙa ce zuwa ga mutanen Yahuza da aka kwashe zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. A sura ta 28 wani annabi mai suna Hananiya ya yi musu albishir cewa cikin shekara biyu komai zai koma daidai, Irmiya kuwa ya ce shekara saba'in ne, wanda ke nufin yawancin masu sauraron wasiƙar ba za su ga komawar da idonsu ba. Abin da aka umarce su a tsakanin nan shi ne su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure su aurar, su nemi zaman lafiyar birnin da suke ciki su kuma yi masa addu'a, domin lafiyarsa ita ce tasu.

Baba Dattijo ya yi taka-tsantsan a bayaninsa. Ya ce Kano ba Babila ba ce, mu kuma ba kamammu ba ne, da yawa a cikinmu nan aka binne cibiyarsu, wasu kakanninsu ma a ƙasar Kano suka yi noma tun kafin zuwan Turawa. Idan har an umarci waɗanda aka kai wani gari da ƙarfi su nemi alherinsa, to, wanda garin nasa ne ba shi da uzuri. Ya rufe da addu'a domin iyalan duk waɗanda suka mutu, bai ware kowa ba, da kuma domin masu mulki da jami'an tsaro da 'yan kasuwa. Wannan saƙo ya wuce minti huɗu, dattawa kuma sun yarda a bar shi haka.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Kuɗin data ya tashi bayan hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su yi ƙarin da ya kai kashi 50 cikin ɗari. Wasu sun fara barin saƙo ba su sauke ba. Samarin sun gano yadda za a rage nauyin muryar ba tare da ta dusashe ba, mun kuma daina haɗa hoto da saƙon. A kowace unguwa an sami mutum guda da zai sauke, ya tura wa na kusa da shi ta Bluetooth ba tare da an kashe ko kwabo ba.

A wannan mako mun yi rashin wata tsohuwa daga cikin waɗanda aka fara aikin dominsu. 'Yarta ta shaida mana cewa a watannin jinyarta, idan saƙo ya zo sai ta sa a maimaita mata, ta riƙa amsa addu'ar da amin kamar tana cikin majami'a. Washegarin jana'iza mun karanta 1 Tasalonikawa sura 4, inda Manzo Bulus bai hana masu bi baƙin ciki ba, abin da ya ce shi ne kada su yi shi irin na marasa bege. Uwar Zumunta ta roƙi masu zuwa ta'aziyya su daina ce wa mai makoki ya share hawaye, ta tuna musu cewa Yesu da kansa ya yi kuka a kabarin Li'azaru, abokan Ayuba kuma sun fi amfani a kwana bakwan da suka zauna shiru tare da shi fiye da lokacin da suka buɗe baki.

Lahadi, 9 ga Maris

Bana azumi biyu sun haɗu. Maƙwabtanmu Musulmi sun ɗauki na Ramadan ranar Asabar, 1 ga wata, 'yan'uwanmu na Katolika da Angilika kuma sun shiga nasu na kwana arba'in ranar Larabar Toka, 5 ga wata. Ikilisiyarmu ba ta bin wannan tsari, amma yanzu akwai 'yan ɗarikoki dabam-dabam a cikin masu sauraro, don haka muka ware mako guda ga Ishaya 58 da Matiyu 6, inda aka haɗa azumi da ciyar da mayunwaci da kwance wa wanda aka danne, aka kuma hana yin sa don idon mutane. Mun roƙi masu kunna saƙo a tsakar gidan haya su rage murya, domin maƙwabcin da ya tashi sahur ya yi sallar asuba yana bukatar ɗan barci kafin ya fita. Wata 'yar'uwa a Brigade ta ce tun shigowar watan ba a yi magariba ba tare da an aiko mata da kunu da ƙosai daga gidan da ke jikin nata ba, ta tambaya ko ya dace ta rama. An amsa mata a saƙon washegari cewa ya dace ƙwarai, kuma kada ta jira sai Kirsimeti.

Asabar, 19 ga Afrilu

Jiya aka tuna da mutuwar Almasihu, gobe Ista. Saƙon yau ya fi kowanne wuyar shiryawa, domin Linjila ba ta faɗi abu mai yawa game da wannan Asabar ba, sai dai cewa matan sun huta bisa ga doka bayan sun shirya kayan ƙanshi. Malamar ta ce mutane da yawa a irin wannan rana suke rayuwa, abin da suke tsoro ya riga ya faru, abin da suke bege kuma bai iso ba tukuna. Ta zaɓi Makoki sura 3. Littafin kuka ne a kan rushewar Urushalima wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, ayoyin nan biyu da muke rerawa game da jinƙan Ubangiji da ke sabuntuwa kowace safiya kuwa suna tsakiyarsa ne, kuka a gabansu, kuka a bayansu. Ta karanta tun daga aya ta ɗaya, ba ta tsallake zuwa ta 22 ba, ta ce wanda ya faɗi wannan magana yana zaune ne a cikin kango, shi ya sa mai zama cikin kango zai iya gaskata shi.

Saurayin nan na taron Nuwamba shi zai karanta Luka 24 gobe. Shi ya nemi a ba shi.

Asabar, 10 ga Mayu

Mun gama Markus da Rut da Filibiyawa da zaɓaɓɓun Zabura, ranar Litinin za mu shiga wasiƙar Yakubu. Zafin bazara ya sa zaman ɗakin naɗa ba fanka ya zama da wuya, saboda haka an raba naɗar gida biyu, daren Litinin da na Alhamis. Malamar ta fara juya saƙonnin zuwa rubutu, da niyyar idan shekara ta zagayo a duba ko za a iya buga su a ƙaramin littafi, amma dattawa sun ce sai wani fasto ya bi su ɗaya bayan ɗaya tukuna.

Abubuwa biyu ba a warware ba. Na farko, masu sauraro suna aiko da matsaloli masu nauyi, na aure da bashi da rashin lafiya, waɗanda saƙon minti huɗu ba zai ɗauka ba, kuma bai kamata samarin da ke riƙe da wayar su riƙa jin sirrin gidajen mutane ba. Mun nemi dattawa su naɗa mace ɗaya da namiji ɗaya da za a riƙa miƙa wa irin waɗannan, su kai ziyara da ƙafarsu. Na biyu, damina ta ƙarato, 'yan'uwa masu zuwa cin rani za su koma ƙauye noma, inda sabis ba shi da ƙarfi. Samarin za su sake zuwa Farm Centre ranar Talata su tambayo farashin memori, mu kuma za mu yi ƙoƙarin naɗar saƙonnin Yuni da Yuli tun yanzu, domin masu tafiya su tafi da su. Za a kai wa dattawa lissafin kuɗin a taronsu na ƙarshen wata.